Alherin Allah ba na sayarwa ba ne

Jama'a masu saurare, yau sai kun yi haƙuri da ni.

Tun da Cominak ta rufe ran 31 ga Maris 2021, magidanta da yawa a Akokan ba su barci. Imouraren kuwa, an aza harsashi a 2009, har yau uraniyom ɗin yana ƙasa. Cikin wannan ƙunci ne wasu masu wa'azi ke ce wa ƴan'uwa Kirista: kawo jika goma a yi maka addu'a, hankalinka ya kwanta. Wanda bai kawo ba, wai bangaskiyarsa ce ta gaza.

Haba! Yaushe rufe kamfani ya zama zunubin lebura? Almasihu bai karɓi ko dala ba wajen kuturu ko makaho. Jinƙansa kyauta ne, shi ya sa ake ce masa alheri.

Ɗan'uwa, riƙe jikkunanka ka auno gero. Yi addu'a a ɗakinka, ka yafe wa wanda ya cuce ka, ka leƙa maƙwabci, Musulmi ko Kirista. Kwanciyar rai nan take. Mai wa'azi kuma, in tausayi ne, kai buhu gidan gwauruwa.