Kadmus Da Bayajida: Abin Lura Ga Ɗaliban Kongo

Duk wanda ya karanta shari'a a Kongo, nan Tudun Wadan Zariya, ya san hoton nan na mace riƙe da ma'auni da takobi, wanda aka ɗauka alamar adalci. Amma kaɗan ne za su iya faɗin asalinsa. Rumawa ne suka kira ta Justitiya, su kuwa sun gaji al'amarin daga Girkawa, masu allahiyar doka mai suna Temis da 'yarta Dike. Ashe ke nan ma'aikaci na iya share shekara talatin a ƙarƙashin alamar da bai san labarinta ba.

Wasu na ganin karanta hikayoyin Girkawa ɓata lokaci ne, wasu ma na tsoron kada ya taɓa imani. To, sanin abu dabam, bauta masa dabam. Wanda ya karanta labarin Zeyus bai zama mabiyinsa ba, kamar yadda mai sauraron tatsuniya bai ɗauki Gizo shugaba ba.

Ga misali guda da ya isa a duba. Girkawa sun ce Kadmus ɗan sarki ne daga birnin Taya, a ƙasar Labanan ta yau. Ya fita neman 'yar'uwarsa Yuropa, ya iske wata maɓuɓɓuga da wani ƙaton maciji ke tsare da ita. Ya kashe macijin, ya kafa birnin Tibis, ya auri Harmoniya. Wane Bahaushe ne zai ji wannan bai tuna da Bayajida ba? Shi ma an ce ɗan sarki ne daga Bagadaza, ya iso Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai, har da Zazzau. Ba wai wani ya ara daga wani ba ne. Abin lura shi ne, al'ummu biyu masu nisa da juna sun ɗora asalin sarauta a kan wanda ya buɗe wa talakawa hanyar ruwa. Wannan darasi ne ga mai shirin riƙe ofis.

Bambancin yana wajen riƙo. Girkawa sun rubuta nasu tun da daɗewa, aka yi ta nazarinsu, har wani Bajamushe mai suna Schliemann ya shiga tonon kufan birnin Turoyi a shekarun 1870 saboda waƙoƙin Homa. A nan ma an soma. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, kuma a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya auna labarin Bayajida da ma'aunin tarihi, ya nuna ba za a ɗauke shi yadda yake ba. Aunawar ba raini ba ce, girmamawa ce.

Saboda haka ya kamata ɗaliban Kongo, inda aka soma horar da ma'aikata tun 1947, su karanta na Girkawa, sa'an nan su koma ga tsofaffin garuruwansu da alƙalami da takarda. Labarin Sarauniya Amina da na Turunku na bakin mutanen da ba za su dawwama ba. In aka yi sake suka tafi da shi, ba wani tono da zai maido shi.