Mai tallan intanet ma dillali ne



A 'yan watannin nan ba a mako guda wani saurayi bai shigo layinmu da kwamfuta a hammata ba, yana cewa kamfaninsu na talla zai sa duniya ta san shagonka. Daga Nima har Maamobi zancen ke nan. Maƙwabta suna tambayata wanne za su ɗauka, wai don ni nake rubutu. To, ga abin da nake gaya musu.

Mu fa ba baƙin dillanci ba ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro ta Salaga da Kumasi wurin maigida suke sauka, ya nemo musu mai saye, ciniki ya faɗa, sannan ya karɓi la'adarsa. Kamfanin talla shi ma aikinsa ke nan, ya kawo mai saye bakin shago. Sai dai shi tun kafin ciniki yake karɓar kuɗinsa, don haka dole a auna shi tun kafin a ba shi.

Tambayar farko: wa kake ganin yana sayen kayana? Idan ya fara lissafa maka dubban mabiya a Instagram, ka ba shi ruwa ya sha, ku yi sallama. Mai sayar da turare da atamfa a Nima, masu sayensa matan unguwa ne da masu shigowa kasuwa ranar Laraba, da Hausa da Twi ake ciniki da su, wani lokaci da Zabarmanci ko Faransanci. Mabiyi dubu goma a Legas ba zai sayi ko kwalbar turare ɗaya ba. Facebook yana ba da damar a ware unguwa, a ce mutanen da ke kewayen nan kawai za su ga tallan. Wanda ya san aikinsa da kansa zai kawo maganar. Wani ma, in mai gaskiya ne, zai ce maka kayanka ba na intanet ba ne, ka kai sanarwa Marhaba FM ko ka buga allo mai kyau. Irin wannan ka riƙe shi hannu biyu.

Ku tuna 2021, lokacin da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka kai su Adjen Kotoku. Tallan da suke bukata a lokacin bai wuce a sanar da tsofaffin kwastomomi inda suka koma da motar da za su hau ba. Saƙon murya a WhatsApp ya isa wannan.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato mallakar shafi. Wata baiwar Allah a layinmu mai sayar da kayan yaji, wani kamfani ya buɗe mata shafi, shekara biyu ana tara mata mutane. Ranar da suka saɓa kan kuɗi, ashe da sunan yaron kamfanin aka buɗe, lambar WhatsApp ɗin ma layinsa ne. Ya tafi da shafin, ya tafi da kwastomomin. Na ce mata, Hajiya, ai wannan gini ne a filin aro. Shafi da sunanka za a buɗe, kai ne babban mai iko a kansa, shi kuma ka ƙara shi a matsayin mai taimako, ka cire shi ranar da ka ga dama. Layin waya naka, wanda ka yi wa rajista da Ghana Card ɗinka. Kuɗin ciniki kuma MoMo ɗinka za su shiga kai tsaye, kada su biya ta hannun kowa.

Kuɗi ma a raba su gida biyu a rubuce. A ce ka ba shi sidi 1,000: nawa ne ladan aikinsa, nawa za a biya Facebook? Facebook yana fitar da rasit na duk abin da aka kashe, ka ce a nuna maka. Ka nemi takardar rajistar kamfaninsa, ka nemi sunan shago biyu da ya yi wa aiki, ka taka da ƙafarka ka tambaye su.

Masu maganin gargajiya da man shafawa da abinci na leda, ku naku ya fi nauyi. Hukumar FDA sai ta duba tallan ta amince kafin ya fita, kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana a yi tallar cewa magani yana warkar da irin su ciwon suga da hawan jini da ciwon daji. Idan yaron talla ya rubuta haka don kaya su tafi, shagonka za a zo. Allo a bakin titin Kanda shi ma sai da izinin asambile, ta Ayawaso East ga mutanen Nima da Kanda, ta Ayawaso North ga na Maamobi.

Kada ka sa hannu a yarjejeniyar shekara. Wata ɗaya tukuna. Ka ajiye littafi kusa da akwatin kuɗi, duk baƙuwar fuska da ta shigo ka tambaya, a ina kika ji labarinmu? Ƙarshen wata ku zauna da shi, ya buɗe kwamfutarsa, kai ma ka buɗe littafinka.