Ɗalibin da ya iya “sai” bai iya tarke ba tukuna

A makarantun sakandare na Badaguishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tahoua, idan aka ce wa ɗalibi ya yi nazarin wani yanki na littafi a sakin layi ɗaya, abin da yakan kawo shi ne labarin da kansa, an taƙaita shi. A ba shi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, zai rubuta cewa rundunar Voulet da Chanoine ta iso Lugu a 1899, sai Sarauniya ta tara mayaƙa, sai aka gwabza. Bai yi ƙarya ba. Wataƙila ma ya ji daga bakin tsofaffi yadda rundunar nan ta ƙone Birnin Ƙonni a shekarar. Amma malamin da ya karanta littafin tun kafin a haifi yaron ba labari ya tambaya ba.

Malamai da yawa suna ɗora laifin a kan raunin Faransanci. Da gaskiyarsu, sai dai ba ita ke nan ba. Mai nazarin harshe da ya duba irin wannan sakin layi zai ga cewa cutar tana cikin mahaɗan jimloli. Ba da labari yana tafiya da “sai”, da “daga nan”, da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: suka zo, suka yada zango, suka kai hari. Tarke kuwa yana bukatar “domin”, da “ko da yake”, da “wannan yana nuna cewa”, kuma aikatau ɗinsa yana komawa kan marubuci: yana zaɓen kalma kaza, yana jinkirta bayyana abu kaza. Ɗalibin da ke jera “sai” a Hausa, puis da ensuite zai jera a Faransanci. Canjin harshe bai canza ginin tunaninsa ba.

Abin mamaki shi ne, yaron ya san wancan ginin tun daga kasuwar garinsu. Dillalin tumaki a kasuwar Badaguishiri ba ya ba da tarihin rago. Yakan ce ragon nan ya haura shekara. Ya buɗe masa baki ya nuna manyan haƙora biyu na gaba. Sannan ya bayyana wa mai saye cewa waɗannan ba sa fitowa sai haƙoran nono sun faɗi, don haka kuɗin da aka yanka bai yi yawa ba. Da'awa, hujja, bayani: sakin layin nazari ke nan, babu ragi. Na ukun shi ne wanda ɗalibai suke tsallakewa. Sukan ɗauko jimla daga littafi su ajiye ta tsirara, kamar dillalin da ya buɗe bakin rago ya yi shiru.

Saboda haka ya fi dacewa a fara koyar da wannan gini da Hausa, da baki, a kan abin da yara suka mallaka. A ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a hana su maimaita ta. A tambaye su: Gizo wayo gare shi ko kwaɗayi? Wanda ya ce kwaɗayi, ya nuna wurin, ya kuma faɗi abin da ya sa wurin ya zama hujja. Idan ya ce “sai”, a tsayar da shi. Bayan mako biyu ko uku ana haka, a koma allo, a rubuta jimloli huɗu ko biyar, sannan a ƙaura zuwa Faransanci da car da en effet, waɗanda yanzu suna da abin da za su ɗauka.

Za a ce jarrabawar BEPC da ta bakaloriya da Faransanci ake yin su, lokaci kuma ba ya isa. Haka ne, kuma malamin da ke da aji cike maƙil ba zai iya gyara dogon rubutun kowa ba. Wannan ma dalili ne na tsayawa a kan sakin layi guda: ana karanta shi cikin minti ɗaya, a ja layi a ƙarƙashin mahaɗan, a ga nan take ko labari ne ko tarke. Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harshen gida; tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata malami ya sani. Ɗaliban da suka saba da hadda za su iya haddace “wannan yana nuna cewa” su manna shi a gaban kowace jimla, ko tana nuna wani abu ko ba ta nunawa. Maganinsa tambayar da mai sayen rago yake yi wa dillali idan bai gamsu ba: ina haƙoran?