RA'AYINMU: Kuɗi Sun Isa Gida, To Ina Gaisuwar?

Kirsimeti ta ƙarato. Wannan ne lokacin da ma'aikata da makanikai da 'yan kasuwa na Kurmin Mashi da kewaye suke tunawa da iyaye a gida, ko Kafanchan ne, ko Zonkwa, ko Kagoro, ko Pankshin. Abin da muke so mu duba shi ne yadda kyautar nan take isa hannunsu.

Manya a cikinmu ba su manta da zamanin gidan waya ba. A 1985 ne aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T gida biyu, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙu. Mutum yakan je babban gidan waya na titin Yakubu Gowon, ya sayi fasal oda, ya rubuta wasiƙa, ya manna kan sarki, ya jefa a akwati. A ƙauye kuwa, akwatin gidan waya na ikilisiya shi ne adireshin kowa. Bayan sujada ranar Lahadi sai magatakarda ya kira sunaye, tsohuwar da ba ta iya karatu ba malamin ikilisiya ya karanta mata. Saƙon yakan yi makonni a hanya, wani ma ya ɓata, amma idan ya iso, kuɗi da magana tare suke isowa.

Tun da wayar salula ta shigo a 2001, wasiƙa ta ja baya. Yau a minti ɗaya kuɗi sun shiga asusu, jika ya je wurin mai POS ya karɓo. Mun gode wa Allah saboda wannan sauƙi. Amma sau nawa kuɗin suke zuwa babu ko sannu? Uwa takan ajiye wasiƙar ɗanta shekara da shekaru a cikin Littafi Mai Tsarki. Me za ta ajiye yanzu?

Mutanen Sin suna da al'adar da ta isa a yi koyi da ita. A bikin sabuwar shekararsu da na aure, sukan sa kuɗi a jan ambulan su miƙa, mai karɓa ya karɓa da hannu biyu, kuma ba ya buɗewa a gaban mai bayarwa. Ko da WeChat ta mayar da ambulan ɗin cikin waya a 2014, ta bar wurin rubuta gaisuwa. Ba ruwanmu da camfin launin ja, amma abu biyu a nan namu ne: gaisuwa da sutura.

A kan sutura ma muna da gyara. A bikin godiya ko gidauniyar gini, ana raba ambulan, sa'an nan a farke shi a karanta adadin a lasifika. Mai dubu hamsin a tafa masa, gwauruwa mai ɗari biyar ta sunkuyar da kai, baɗi kuma ta zauna a gida. In za a yi shela, me ya kawo ambulan?

Manzo Bulus ya nuna mana hanya a 1 Korintiyawa 16. Gudummawar Urushalima, amintattun mutane ne za su kai ta, kuma da wasiƙu a hannunsu.

Saboda haka muna roƙo. Duk mai aikawa gida bana, ya haɗa da 'yar takarda ta hannun direba ko ɗan'uwa mai tafiya, ko kuwa ya kira ya yi hira, ba tambayar "kin gani?" kaɗai ba. Dattawan ikilisiya kuma su ƙirga baiko a ofis, su faɗi jimla, su bar adadin kowa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Allah ya ba mu kunnen ji. Amin.