Takara daga ƙetare: Kujera a Belbeji, mai ita a Tamanrasat?

Duk ɗan kasuwar da ya ga zaɓen ƙananan hukumomi a Damargu ya san wani irin ɗan takara. Shi ne ɗan gari wanda neman abinci ya kai shi Kano ko Tamanrasat ko Sabha ta Libiya, Allah Ya buɗa masa, sai ana saura 'yan makonni a kaɗa ƙuri'a a ga hotonsa a bangon tasha, turamen atamfa da buhunan shinkafa suna zagaya gidaje, shi kuwa muryarsa kawai ake ji ta waya. Tambayar da ta kamata 'yan kasuwa su yi ita ce, shin kujerar gari tana riƙuwa daga nesa?

An yi wannan zaɓe a Nijar a Yulin 2004, Janairun 2011 da Disambar 2020. A shekarar 2011 ne kuma aka yanke Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙaramar hukumar Tarka a cikinta. Tsarin da aka bi shi ne, jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye. Jerin sunayen da jam'iyya ta tsayar ake jefa wa ƙuri'a, sannan kansiloli su zauna su fidda magajin gari daga cikinsu. To, a nan ne mai kuɗin ƙetare ke samun ƙofa, domin ba sai ya bi ƙauye-ƙauye ya shawo kan talakawa ba. Ya ishe shi ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓe, shugabannin jam'iyya su sa sunansa a saman jeri.

Ba muna cewa ɗan ci-rani baƙo ba ne. Kowa ya san a shekarar da damina ta gaza, kuɗin da 'ya'yanmu ke aikowa daga waje shi ke sayen gero a gidaje da dama, shi ke zama jarin mai tuyar ƙosai da mai koli. Ita ma ƙasa ta san da zamansu, shi ya sa aka ware masu kujeru 5 daga cikin 171 na majalisar dokoki a zaɓen 2016.

Amma fa majalisar dokoki daban, majalisar gari daban. Aikin kansila aikin ido ne da ƙafa. Doka ta tanadi majalisar ta zauna duk bayan wata uku, kuma a zaman nan ne ake tsara kasafin kuɗi, wanda wani kaso nasa daga aljihunku yake fitowa: kuɗin tikitin kasuwa, kuɗin rumfa, da abin da ake karɓa a kan kowace dabba da aka sayar a kara. Idan famfon kasuwa ya lalace, ko mai karɓar haraji ya karɓi kuɗi bai ba da takarda ba, ko shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani, wa za a je wa? Wanda ke Tamanrasat sai dai ya wakilta ƙanensa ko yaronsa, mutumin da ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda zai iya tuhumarsa. Hausawa dai sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnatin Janar Abdurahaman Tiani ta rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, ta naɗa kantomomi, sannan a watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Wannan ya ba 'yan kasuwa sararin yin shiri kafin ranar da za a koma ga akwati, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin kuwa mai sauƙi ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da dillalan kara, da matan adashi su haɗa baki a kan sharaɗi guda: duk mai son kujerar gari ya dawo gida ya zauna tun kafin a buga gangar zaɓe, ya yi damina da rani tare da mu. Wanda kasuwancinsa ba zai bar shi ba, to ya mara wa na gida baya, ladarsa tana nan. Iyayenmu mata kuma su tuna cewa dokar da aka gyara a 2019 ta ba su aƙalla kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe. Kada a cike gurbin nan da sunan matar wani alhaji da ke zaune a Kano, alhali ga mai sayar da tattasai da ta san kowane lungu na kasuwar Belbeji.

Turmin atamfa shekara guda ya koɗe, kujera kuwa shekara biyar ce. Allah Ya ba mu shugabanni masu kwana inda muke kwana, amin.