A Tambayi Dangin Uwa Kafin Wanzami Ya Zare Aska

Ya ku malamai da fatake, akwai wata cuta ta gado da likitoci ke kira hemofiliya, watau rashin daskarewar jini. Ba baƙuwa ba ce ga malaman Musulunci, gama Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 404 bayan Hijira, watau 1013, ya ambata cikin littafinsa At-Tasrif wasu maza waɗanda ɗan rauni kan zubar da jininsu har su cika. Galibi 'ya'ya maza take kamawa, amma ta wajen uwa take biyowa, ita kuwa uwar sau da yawa lafiyarta lau.

A ƙasarmu, ranar cire beli ko ranar kaciya cutar kan bayyana. Jini ya ƙi tsayawa, sai a ce maita ce. To, kaciya sunna ce mai ƙarfi a mazhabar Imam Malik, amma kiyaye rai wajibi ne. In an taɓa samun kawun yaro ko wansa da jininsa ya ƙi tsayawa, lalle a dakatar da wanzami, a kai yaro babban asibiti a auna jininsa tukuna.

Sa'an nan akwai ɓarnar da ba ta fitowa fili. Jini kan tsiyaya cikin gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, yau kumburi gobe kumburi, har yaro ya gurgunce tun bai sauke Alƙur'ani ba. Don haka likitocin Suwidin suka soma rigakafi tun 1958: a riƙa zuba wa yaro abin da jininsa ya rasa ta jijiya, sau biyu ko uku a mako, ba sai ya ji rauni ba. An fi so a fara kafin ya cika shekara 3, tun gaɓoɓi ba su lalace ba. A 2017 Amurka ta yarda da wata allura, emicizumab, wadda akan yi ƙarƙashin fata, wani yaron ma sau ɗaya a mako 4. Kada kuma a ba irin wannan yaro asfirin.

Sai dai maganin yana da tsadar da ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Muna roƙon attajirai su sa waɗannan yara cikin lissafin sadakarsu, limamai kuma su faɗi wannan magana kafin lokacin sanyi, sa'ad da akan tara yara kaciya.