Hukunci A Kan Wanda Ba Ya Nan

Ran 5 ga Agusta 2024 Firayim Ministar Bangaladash, Sheikh Hasina, ta tsere zuwa Indiya, bayan boren ɗalibai wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta rayukan da suka salwanta cikinsa za su kai 1,400. Kafin watan ya ƙare gwamnatin riƙon ƙwarya ta Muhammad Yunus ta soke fasfonta na jakadanci. Duk alhajin da ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin shige da fice ya san nauyin wannan.

A Disamba aka aika wa Indiya takardar neman a maido ta, bisa yarjejeniyar 2013. Shekara ta zagayo ba a miƙa ta ba. Sai ga kotun da gwamnatinta ta kafa a 2010 ta yanke mata hukuncin kisa a Nuwamba 2025, alhali tana can Indiya.

To, nan muke da magana. Malaman Hanafiyya, watau mazhabar akasarin mutanen Bangaladash, ba su yarda alƙali ya hukunta ga'ibi ba. Namu na Malikiyya sun yarda, amma suka ce ran da ya dawo yana kan hujjarsa, dole a saurare shi. Iyayen yaran da aka harbe suna da haƙƙi, ko kusa ba mu musa ba. Sai dai a ganinmu haƙƙin nan shi ne su gan ta tsaye gaban alƙali tana amsa tambaya, kuma hukuncin kisan ya ƙara wa Indiya dalilin riƙe ta.